Kokonmu Ganye Ne

Na san abin da kuke faɗa a kaina idan kun taru a tsakar gida kuna zaton barci nake yi. Kuna cewa taurin kai ne ya hana ni bin mahaifinku a shekarar da aka kwashe mutane daga Bangui, kuma da na bi shi da gidanmu bai rabu biyu ba. Taurin kai kam ina da shi, a wurin Inna na gada, ban kuma taɓa ɓoye shi ba. Amma tunda idona ya fara gajiya, kuma har yau ba wanda ya zaunar da ni a cikinku ya tambaye ni yadda aka yi, bari in rubuta muku da hannuna. Ku karanta ina raye ko bayan raina, duk ɗaya ne a wurina.

A Kilomita Biyar aka haife ni, unguwar da kowa ke kira Sankilo, a cikin gidan nan, a ɗakin da yanzu kuka mayar na ajiyar buhuna. Babana ya zo daga ƙasar Daura yana saurayi da fataucin kanwa da goro, ya auro Inna daga Damagaram, ya gina gidan nan da bulon da ya buga da kansa, kuma a garin nan aka binne shi. Ban taɓa taka Najeriya ba. Nijar kuwa an taɓa kai ni ina yarinya, abin da na iya tunawa shi ne zazzaɓin da na yi. Na yi makarantar Faransanci har na iya buga takarda a na'ura, sai na buɗe ɗan shago a unguwar Miskine ina buga wa mutane takardun neman aiki da na makaranta. Mahaifinku, Malam Sabo, yana sayar da kayan gyaran mota ba nisa da ni. A bakin shagona kuma akwai wata Kirista mai suna Odet, mai sayar da ganyen miya da garin rogo. Mun yi shekaru muna raba inuwa ɗaya da ita, muna gulmar mazanmu da yaren Sango.

Da rikicin ƙasar ya juyo kanmu mu Musulmi, Miskine ce ta fara ƙonewa. An kwashe injunana, an ɗauke har kujerar da nake zama, aka ɓalle kwanon rufi. Wannan duk dukiya ce, ana iya sake ta. Abin da ba a sakewa shi ne Habu, ƙanin mahaifinku, da aka kashe a ƙofar shagonsu, mahaifinku yana ciki a bayan tayoyi yana ji, ba shi da yadda zai yi. Tun daga ranar mutumin nan bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Sankilo ta zama akurki, muna ciki ba mai fita. Namijin da ya ƙetare gadar da ta raba mu da sauran gari da hula a kansa sai dai a ji labari. Ko maƙabartarmu ba ma iya kaiwa, a bayan gidaje ake binne mutane. Sai manyan motoci suka fara jeruwa a Titin Koudoukou, jama'a na hawa da katifu da tukwane da awaki, wasu Chadi, wasu Kamaru. Wata safiya mahaifinku ya shigo ya tsaya a kaina ina wanki.

“Ki haɗa kayan yara, Rabi. Garin nan ya ƙare mana.”

“Malam, Inna ba za ta iya zaman saman mota ba, ka ga yadda ƙafafunta suka kumbura. Gidan kuma wa za mu bar wa?”

“Gida ƙasa ce da kwano. Maganar rai nake miki.”

“Ni ma maganar rai nake maka.”

Mun daɗe muna ja, har Inna ta rarrafo bakin ƙofarta ta ce mu ji tsoron Allah, maƙwabta na ji. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa zai tafi da yara maza, Yayanku da mai bi masa, tunda maza aka fi farauta, su tsaya a Garwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru. Ni zan zauna da Inna da ku mata. Amma sai da ya kafa mini sharaɗi a gaban Inna, ya ce ta zama shaida.

“Ba ni da abin da zan aiko muku, kin sani. Idan kafin azumi kin sami sana'ar da za ta riƙe gidan nan, ba roƙo ba, ba jiran rabon agaji ba, to ki zauna, na yarda. In ba ki samu ba, ki ɗauko Inna ko a goye ne ku same ni. Kuma ranar ba na son musu.”

Na ce na ji. Shi a ransa ya san ba zan samu ba, don manyan 'yan kasuwa ma a lokacin zaune suke a bakin shagunansu suna korar ƙuda. Ni kuma a raina na ce za mu gani.

Akwai wani Issufu ɗan Maraɗi, magidanci ne, bai daɗe da zuwa Bangui ba. Ya zo ne da niyyar ya tara abin da zai tara ya koma, sai hanya ta rufe da shi a ciki. Yana da siber a Titin Koudoukou, wato ɗakin da ake biya a hau intanet, da tsofaffin kwamfutoci da janareta mai yawan tari. Nan na mayar wurin aikina. Kullum in na ɗora muku abin da ya samu, sai in yafa mayafi in tafi. Ni da na yi shekaru ina buga wa mutane takardar neman aiki, ga ni ina buga tawa. Aiki kuwa akwai shi a garin, don ƙungiyoyin agaji sun cika Bangui, kullum suna tallan neman sakatare da mai kula da ajiya da tafinta. Na aika har na daina tuna wa na aika wa. Yawanci shiru. Wani ya amso ya ce in fara tura masa kuɗin rajista zai kai ni aikatau ƙasar Larabawa, na rubuta masa abin da ba zan maimaita muku ba. Waɗanda suka amsa da gaske kuma duk magana ɗaya ce, in zo ofis a tsakiyar gari a gan ni. Kilomita biyar ne kacal tsakaninmu da tsakiyar gari, sunan unguwar ma ya faɗa, amma a lokacin Makka ta fi mana kusa.

Na gwada sau ɗaya. Na hau ɗan babur da mayafina, ban cire ba, ban kuma sauya suna ba kamar yadda wasu suka ba ni shawara. Muna ƙetare gada kaɗan sai mutane suka fara tasowa daga bakin hanya. Wata mata mai goyo, wadda a haife na haife ta, ta nuna ni da yatsa tana cewa, “Gue na kodoro ti mo,” wato ki tafi ƙasarku. Na amsa mata da Sangon da ya fi nata tsabta cewa a ƙasarmu nake. Mai babur bai jira ƙarshen hirar ba, ya juya da gudu, sai da muka shigo unguwa ya tsaya ya ce ko nawa zan ba shi ba zai sake ɗaukata ba. Daga ranar na koma neman aikin da ba ya bukatar ƙafa, wanda za a yi a gaban kwamfuta a biya mutum daga nesa.

Ana cikin haka Issufu ya nuna mini wani talla. Wani kamfani ne a ƙasar waje yake neman masu jin Hausa da Faransanci, su riƙa sauraron maganganun da aka naɗa suna rubutawa. Na karanta na sake karantawa, na ce wannan ai da sunana aka rubuta shi. Buga rubutu sana'ata ce, Faransanci na yi makarantarsa, Hausa kuwa da ita aka yi mini rarrashi ina jaririya. Na aika, suka amsa, suka sa ranar da za a kira ni ta intanet a ji Hausata. Ranar na sa atamfata mai kyau duk da ba ganina za a yi ba. Bayan azahar Issufu ya ƙara wa janareta mai, ya sa mini abin saurare a kunne, ya kori masu hayaniya, ya ja kujera ya zauna a gefena. Wanda ya kira ya ce sunansa Malam Bashir, daga Kano yake magana. Hausarsa sumul, irin wadda muke ji a rediyo. Muka gaisa, ya jajanta mini halin da muke ciki, kuma na ji har ransa yake yi.

“Hajiya, ba wata jarrabawa ba ce mai wuya. Hira kawai za mu yi in ji bakinki. Mu ɗauki abu mai sauƙi wanda kowace mace ta sani. Gaya mini yadda ake yin koko.”

Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata Allah ya kawo ni gida. Na gyara zama.

“Malam, da farko ka sami ganye mai kyau, ba wanda ya sha rana ba. Ka tattara shi ka murɗe a hannunka tam, ka sami wuƙa mai kaifi ka yanka shi siri-siri kamar gashi. In ka yanka da kauri ka ɓata, ba zai taɓa laushi ba.”

“Ganye kuma, Hajiya?”

“Ganye mana. Sai ka ɗora namanka, ko bandar kifi in ita kake da ita. In ya yi laushi ka dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa ka zuba, ka sa ɗan manja da barkono. Ganyen shi ne na ƙarshe, ba ya son daɗewa a wuta. Kafin nan ka riga ka tuƙa gozonka.”

“Gozo?”

“Tuwon rogo.”

Tun ina tsakiyar bayani na ga Issufu ya miƙe yana haɗa tafukansa yana kaiwa baki kamar mai shan abu a kwano. Na ɗauka ƙishirwa yake ji, na nuna masa butar ruwa da haɓa na ci gaba. Da na kai ƙarshe sai ya koma ya zauna ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Can ɗaya ɓangaren kuma Malam Bashir ya ce:

“Hajiya, koko fa na ce. Kokon da ake sha da ƙosai da safe.”

“Wannan ai kunu ne, Malam.”

“A'a, kunu daban, koko daban. Ina gero? Ina gasara?”

“Mu a nan kokonmu ganye ne.”

Ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na shaida masa wannan, amma na ji ya kira wani a kusa da shi yana cewa zo ka ji koko da manja. Daga nan na rikice. Ya tambaye ni wasu abubuwa, na ji bakina yana ta zubo da lopital a maimakon asibiti da marshe a maimakon kasuwa, har da zai yi mini wani bayani na ce masa singila, wato godiyarmu ta Sango. Duk kalmar da ta fito sai in ji kamar yana rubuta ta. A ƙarshe ya yi gyaran murya.

“Ki yi haƙuri da tambayar, Hajiya. Iyayenki Hausawa ne kuwa?”

“Babana ɗan Daura ne, uwata 'yar Damagaram.”

“Allah sarki, an daɗe a waje. Gaskiya mu waɗanda muke nema su ne waɗanda Hausa ce harshen uwarsu.”

“Uwar tawa tana gida, Malam. In je in ɗauko maka ita?”

Ya ce za su tuntuɓe ni. Sun kuwa tuntuɓe ni, da Faransanci mai ladabi, cewa ba a ɗauke ni ba.

Na fito daga siber ɗin. Ban yi kuka ba, fushi ne ya cika ni har wuya. A bakin gada an ce mini ni ba 'yar ƙasar nan ba ce, in tafi ƙasarmu. Yanzu ga ɗan ƙasar tamu ya saurare ni ya ce ni ba tasu ba ce. Ina tafiya a Titin Koudoukou ina magana ni kaɗai kamar mai taɓin hankali, masu canjin kuɗi na bina da kallo. Na ce to shi ke nan, tunda kowa ya ture ni ya ba wa wani, ni zan zaɓar wa kaina, kuma na zaɓi inda aka binne cibiyata. Sai dai zaɓi ba ya cika tukunya, ga azumi na matsowa, abin da ya rage a gidan kuma ɗan masara ne a gindin buhu.

Na tarar da Inna a tabarmarta ta miƙe ƙafafu. Na zayyana mata komai ina jiran ta taya ni fushi. Tsohuwar nan ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta, ku ma kuka fito kuna taya ta ba ku san abin da ake wa dariya ba.

“Ke Rabi, kin kashe ni. Ganye kika yanka wa Bakano?”

“Inna, aikin fa ya tafi.”

“Na sani, 'yar nan, bari in huta. Ni na sha koko da ƙosai har aka kawo ni garin nan. Ina amarya na ji ana tallan koko, na yi murna na aika a sayo mini, sai aka kawo mini ganye a ƙunshe. Ranar na yi kuka, na ce wane irin gari aka kawo ni. Daga baya na bar musu sunan, namu na koma ce masa kunu don kada a riƙa rikita mini aike. Shi ya sa ba ki taɓa jinsa a bakina ba.”

Ta share hawayenta da bakin zane, sannan ta ce a hankali kamar mai jin kunya:

“Wallahi da kika faɗa sai da yawuna ya tsinke. Rabona da kokon nan tun kafin a rufe gada. Da gozo mai zafi.”

Na tsaya ina kallonta. 'Yar Damagaram ce wannan, wadda ta yi kuka saboda ganyen, yau kuma take kwaɗayinsa. Sai na tuna ba ita kaɗai ba ce. Sankilo duka haka take. Muna da nama, don mahauta namu ne, muna da albasa da sukari da sabulu jibge a shaguna ba mai saye. Amma ganye da rogo da manja daga waje suke zuwa, daga dajin kudu, kuma matan da ke kawo su sun daina shigowa. Yara sun fara tsagewar baki don rashin ganye. Su kuma na waje, an ce nama ya zama sai mai hali. Na yi wata da watanni ina leƙa duniya ta tagar kwamfuta ina neman wanda zai ɗauke ni aiki, ashe aikin yana bayan gada.

Washegari na koma wurin Issufu. Da ya gan ni ya fara murmushi, na ce in ya sake ya ambaci gero sai na fasa masa janareta. Lambar Odet ta ɓace tare da wayata a Miskine, kuma na ji su ma an ƙone musu gida sun watse. Amma na tuna tana da ƙanwa ma'aikaciyar jinya mai son sa hotunanta a shafin zumunta. Na buga sunanta, na bi fuskoki har na same ta, na rubuta mata da Sango cewa ni ce Rabi mai buga takarda, ina neman yayarta in tana raye. Na yi kwanaki ina zuwa ina dubawa. Da amsa ta zo, lamba ce kawai ba ko gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba. Na ari wayar Issufu na kira.

“Ita,” in ji Odet, haka muke kiran juna, wato 'yar'uwa. “Mo ngba na fini?” Tana tambaya ko ina nan da rai.

“Ina nan. Ke fa?”

“Ina nan, amma ɗana babba ba ya nan. Naku ne suka yi.”

“Habu ma ba ya nan. Naku ne suka yi.”

Ba wadda ta ba wata haƙuri, don ba mu muka yi ba. Sannan na ce mata ina son koko, mai yawa, kullum, da garin rogo da manja, ni kuma zan kawo nama da albasa da sabulu. Ta ce ko na haukace. Na ce na haukace, ita fa? Ta ce ita ma yaranta yunwa suke ji.

A bakin gada muke haɗuwa da safe, daidai inda sojojin ƙasashen waje ke ajiye motarsu. Ni in zo da daro a ka daga nan, ita daga can, mu sauke a gindin motar mu yi musaya da sauri, ba ma ko zama. Ranar farko ban kai gida da ganyen ba sai wanda na ɓoye wa Inna a ƙasan daro, mata suka tare ni a hanya suka saye shi kaf. Kafin mako ya zagayo na ɗauki mai baro. Ba zan ce muku abin ya tafi lami lafiya ba. An taɓa buɗe wuta muna tsakiyar musaya, ni da Odet muka kwanta a cikin kwata ɗaya, albasa na birgima a kan titi, kuma washegari muka dawo. Ita a can ana ce mata mai cin amana. Ni ma a nan samarin da ke riƙe da bindiga suna cewa tsaron unguwa suke yi sun tare ni wata rana. Babbansu na san shi tun yana yawo ba wando.

“Hajiya, an ce ke ce mai kai wa masu kashe mu nama.”

“Ni ce. Ni ce kuma mai kawo ganyen da ka ci jiya. Uwarka ce ta fara saye, je ka tambaye ta.”

Yaransa suka juyar da fuska suna danne dariya. Ya ce in wuce, amma in sani ana kallona. Na ce a kalla da kyau. Sai da na shiga gida na rufe ƙofa sannan na zube a ƙasa a zaure. Ba ku gani ba don ban bari kun gani ba.

Ana saura kaɗan a ga wata mahaifinku ya kira. A lokacin na sayi waya tawa, kuna cin abinci har ku bar saura, Inna ma ta fara taka ƙafa zuwa bakin rijiya. Ya ce an ce akwai motocin da za su taso kafin azumi, ya yi magana da direba.

“Malam, na sami sana'a. Gidan na ci.”

“Aikin intanet ɗin ne ya faɗo?”

“Ta intanet na same shi.”

“Rabi, labari ya zo mana nan. Ganye kike sayarwa a bakin gada, inda ake harbi.”

“Ka ce sana'ar da za ta riƙe gida, ba roƙo ba, ba agaji ba. Ba ka ce ban da ganye ba. Ga Inna nan, ita ce shaida.”

Mahaifinku mutum ne mai magana ɗaya, ku riƙe wannan game da shi. Da wani ne da ya ce shi ne miji, ya janye. Shi bai yi ba.

“Na faɗa, ba zan janye maganata ba. Ki zauna. Amma ki sani ni ba zan iya dawowa garin nan ba, Rabi. In na rufe ido ƙofar shagon nan nake gani.”

“Na sani, Malam. Ni kuma ba zan iya barinsa ba.”

“To Allah ya haɗa fuskokinmu.”

Na ce amin. Allah bai haɗa ba. Ya yi 'yan shekaru a can yana faci a bakin hanya, muna waya, ina aika musu abin da ya samu, kowa na jiran ɗaya ya sauko. Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako ba, kafin in sami mota an riga an binne shi. A ɗakin nan na yi takabar mutumin da ban ga gawarsa ba, kuma har yau ban san kabarinsa ba sai a hoto. Wannan ciwo ne da zan shiga ƙasa da shi, ba sai wani ya tuna mini ba. Ina son mahaifinku, kuma na san ya mutu yana jin na fifita gida a kansa. Amma kada ku jira in ce na yi kuskure, don ban yi ba. Da za a mayar da ni shekarar, daron nan zan sake ɗauka.

Yanzu da kai nake, babba, tunda kai ne ka fi riƙe abin a rai. Ka tuna ranar da ka dawo Bangui bayan rasuwarsa, da matarka da jariri da ƙaninka, ba ku da komai sai jaka da tabarma. A mota ɗaya kuka zo da 'ya'yan Alhaji Isa na jikin katangarmu, waɗanda suka tafi gaba ɗayansu suka sa kwaɗo a ƙofa. Su sun tarar da wani mai bindiga ya tare a gidan ubansu da iyalinsa, ya leƙo ya tambaye su wa suke nema. A zauren gidan nan suka kwana. Kai kuwa ka buga ƙofa, ka ji an ce wane ne, kuma ka san muryar. Ba ka gaishe ni da kyau ba ranar, ka wuce ni kai tsaye zuwa ɗakin mahaifinka, ka tarar da shi a share, da shimfiɗa. Na karɓi jaririn daga hannun matarka, na ɗora muku ruwan wanka.